Malam Sha'aibu a Ajin Ɗinkin Bargo

Malam Sha'aibu mutumin Gwarzo ne, malamin kwalejin ilimi da aka turo Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Shekararsa ta biyar ke nan a karatun shekara uku. In ka tambaye shi ina aka kwana, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ai saura babi ɗaya." Har abokansa na masallacin unguwar Kampung Baru suka daina tambaya.

Matarsa Hadiyya ce ta gano shagon. Ɗan ƙaramin kanti ne a saman bene a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na wata dattijuwa mai suna Puan Rosnah. Tana sayar da yadi da littattafan koyon ɗinkin bargon ƙyallaye, irin wanda ake harhaɗa guntayen yadi, a sa auduga a tsakiya, a bi da allura. Ran Asabar kuma tana koyarwa. Hadiyya ta yi rajista, ta sayo littafi biyu.

Malam ya jujjuya littafin ya yi dariya. "Wato a sayi yadi lafiyayye, a daddatsa shi, a sake ɗinkewa? A garinmu mai faci a riga ɓoyewa yake, nan kuma har da buɗe aji."

Sati biyu da fara zuwanta korona ta shigo, aka sa dokar kulle. Ajin ya koma ta bidiyo a waya. Hadiyya ta gaji a darasi na uku, ta ce ga girki, ga rigimar 'yarsu Kausar. Littattafan suka koma kan teburin Malam.

Wata safiya ya buɗe ɗaya, wai don ya ga iyakar shirmen. A shafi na arba'in ya tsaya, ya ce marubuciyar ta yi kuskure, waɗannan kusurwoyin ba za su taɓa haɗuwa ba. Don ya kafa hujja ya yanka tsohon zanin Hadiyya ya ɗinka. Suka haɗu cif. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya sake yanka wani.

Asabar ta gaba ya shiga ajin da wayar matarsa, ya rufe kyamara, ya kashe murya, sunan Hadiyya na nan a jiki. Tambayoyinsa a rubuce yake turawa, kowace da gabatarwa da kammalawa. Ba a yi wata uku ba Puan Rosnah ta fara nuna wa sauran mata hoton aikinsa tana cewa, "Ku dubi hannun Hadiyya lah!" Malam ya riƙa murmushi shi kaɗai. Da yadi ya ƙare, shaguna kuma a rufe, ya bi ta kan tsohuwar shaddarsa, sannan labulen falo. Malamin da ke duba bincikensa kuwa ya sami wasiƙa cewa yanayin annoba ya hana tattara bayanai.

"Abban Kausar," in ji Hadiyya, "ran da asiri zai tonu babu ruwana."

Da aka sassauta kulle, Puan Rosnah ta bugo waya tana roƙon gwanar ɗalibarta ta zo ta nuna wa sababbin shiga. Suka tafi tare, kowa da takunkumi. Malam ya ce shi ɗan rakiya ne, ya zauna bakin ƙofa rungume da jakar matarsa. Aka miƙa wa Hadiyya allura da guntaye biyu. Ta haɗa su a juye. Malam ya yi gyaran murya. A lokacin nan tari ba abin wasa ba ne, matan duk suka ja kujerunsu baya. Hadiyya ta kama gefen ƙyallen ta ja.

"Ba haka ba ne!" Malam ya miƙe, jaka ta faɗi. "Gefen da aka yanka a karkace ba a jansa, saki yake yi!" Ya karɓe, ya ɗinka layi ɗaya tun kafin ya tuna a ina yake.

Puan Rosnah ta ɗaga ɗinkin ta duba, ta dube shi ta saman tabarau. "Ashe kai ne Hadiyya." Ta jawo masa kujera. "Boleh," ta ce da yarensu, wato ba laifi. "Zauna ka nuna musu."

Wata takwas ya yi yana koyarwa duk Asabar. A masallaci ya ce wani kamfanin tufafi ne ya ɗauke shi mai ba da shawara.

Yanzu ya koma kwalejinsu, ana ce masa Dakta. Abokan aiki sun lura in ana taro ba fuskar mai magana yake kallo ba, wuyan rigarsa yake bi da ido. Kwanaki shugaban kwaleji ya gama dogon jawabi ya nemi ra'ayinsa, Dakta ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ɗinka maka wannan aljihun?"