Hambali Mai Ba da Aron Kyanwa

An haifi Hambali a Cadawa, a wani tsohon gidan manoma da ke bayan kasuwar hatsi. Shekara uku ya yi a ajina na lakol, wato makarantar boko, kuma abu ɗaya na riƙe game da shi: bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. In ya ɓata rubutu, alli ne ba shi da kyau. In ya makara, jakin gidansu ne ya kwance. Yau shekararsa arba'in da bakwai, furfura ta cinye masa gemu, amma halin nan yana nan yadda na san shi.

Noma bai karɓe shi ba. Ya gwada kabu-kabu tsakanin Cadawa da Agiye, ya faɗa rami da fasinja, ya ce hanyar ce aka yi ta a karkace. Da mahaifinsa ya rasu sai ya gaji mangazar ajiyar aya da wake, tare da wata farar kyanwa da ake kira Ƴar Fara. Ita ce ta yi masa sunan da hannunsa bai yi masa ba, domin tunda ta girma ba a sake ganin kashin ɓera a mangazar nan ba.

A wajenmu, in kaka ta yi aka gama kai damman gero rumbu, wanda ba shi da kyanwa yakan ari ta maƙwabci ta yi masa mako biyu, ya mayar da ita da tiyar gero ta godiya. Hambali ya mai da wannan al'ada sana'a. Ya tara ƴaƴan Ƴar Fara har tara yana ba da aronsu. Sannan ya ƙirƙiro abin da ya kira horo: a kawo masa ƙananan kyanwoyi su yi wata guda a mangaza, su koyi farauta. Sirrin, in ji shi, yana cikin kasko ɗaya. Duka za su ci tare, su sha tare, Ƴar Fara ta lashe su, domin yawunta ne ke sa musu zuciya. Daga ƙauyukan Gazawa ma ana kawo masa a cikin kwando.

Gwaggo Habsatu ƙanwar mahaifinsa ce, kuma ita ta goye shi lokacin da uwarsa ta yi doguwar jinya. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza biyu suna ci-rani a arewa. Abin da take da shi rumbu ɗaya ne mai dami arba'in, wanda dole ya kai ta damina, sai wata baƙar kyanwa da ta tsinta a bakin rijiya. Baƙa take ce mata. Da ita take hira, a gefen tabarmarta take kwanciya, ita ce kuma mai gadin rumbun.

Wata rana Hambali ya shigo gaisuwa, ya ga Baƙa tana miƙa a inuwa.

“Gwaggo, wagga mussa taki in ta ga ɓera kunya take ji, sai ka ce surukinta,” in ji shi. Mussa ita ce kyanwa a bakin mutanenmu. “Ba ni ita ta yi wata guda a hannun Ƴar Fara.”

“Tana kama abin da ya ishe ni.”

“Mutane na faɗin gwaggon Hambali ce mai ragguwar mussa. Ni abin ke taɓawa.”

Ta ba shi, don kada a ce ta ƙi ɗan wanta. Abin da bai gaya mata ba shi ne, sau biyu ke nan Ƴar Fara tana haihuwar matattun ƴaƴa, kuma ta fara ramewa. Ya gani sarai. Ya ce bakin mutane ne, ya ci gaba da cika kasko.

Baƙa ta dawo lafiya a ido. Bayan wata biyar sai ta daina cin abinci sosai. Gashinta ya dushe, idonta yana ruwa, bakinta ya yi gyambo yana wari, dasashinta ya yi fari fat. Gwaggo ta sa ta a kwando, ta rufe da zane, ta shiga motar Agiye. Ƴan cikin mota suka yi ta tambaya ko kaza ce za a kai kasuwa, da suka ji kukan kyanwa suka kwashe da dariya.

A ma'aikatar kiwo ta sami likitar dabbobi, wata matashiya mai suna Farida. Ta duba bakin Baƙa, ta shafa wuyanta, ta ɗebi ɗan jini ta aika wa wani abokin aikinta a Maraɗi. Bayan mako guda ta zo Cadawa yi wa awaki allura, ta biyo gidan da sakamako.

“Inna, zan gaya miki gaskiya. Ƙwayar cuta ce ke cin jininta, tana kuma karya ƙarfin jikinta, shi ya sa kowane ƙaramin ciwo ke kayar da ita. A littafi sankarar jinin kyanwa ake ce mata. Ba ta da maganin warkewa.”

“To mutuwa za ta yi ke nan, ɗiyata?”

“Ba lallai yanzu ba. Wata takan yi shekara biyu, wata ta fi haka, in an kula da ita. Ciwon bakin zan ba ta magani na kwana goma, in ba ta na tsutsar ciki. Ki ba ta dafaffen abinci mai taushi, kifi ko ƙwai, kada ɗanye. Ruwa mai tsabta kullum. Kada ki kuskura ki ba ta ƙwayar ciwon kai ta mutane, guba ce ga kyanwa. Sannan dole a tsare ta a ɗaki. Cutar ba ta kama mutum, ba ta kama akuya ko kaza, amma tana bin yawu daga kyanwa zuwa kyanwa: lasa, cizo, cin abinci wuri ɗaya. Da wa ta taɓa haɗa kwano?”

Gwaggo ta tuna da kaskon Hambali. Ta ɗauki mayafinta ta raka likitar mangaza.

Sun tarar da kyanwoyi goma sha huɗu sun kewaye kasko, biyar daga ciki na horo ne. Ƴar Fara tana kwance gefe, ƙashin bayanta a fili, tana lasar kan wani ɗan ƙarami. Farida ta yi wa Hambali bayani a hankali. Ta ce ya raba su, kowace da kwanonta, ya daina ba da aro, ya sanar da duk wanda ya taɓa kawo tasa.

“Ke ba likitar awaki ba ce?” in ji shi. “Ki tsaya ga awakinki. Shekara shida nike wagga sana'a, ba a taɓa kawo mini takarda daga Maraɗi ba.”

“Malam, dubi dasashin Ƴar Fara da kanka.”

“Na duba. Lafiyarta lau har ranar da aka kawo mini wata baƙar tsintuwa daga bakin rijiya.”

Ya faɗi haka gwaggonsa tana tsaye. Ko kallon ta bai yi ba.

Ranar kasuwa ya bi rumfa-rumfa yana cewa kyanwar Gwaggo Habsatu ce ta kawo annoba. Waɗanda nasu suka fara ramewa suna neman wanda za su ɗora wa laifi, ya kuwa ba su tsohuwar da ba ta da namiji a gida. Kwana biyu bayan haka ya shigo da buhu a hannu, mutum uku suna jiran sa a zaure. Abin da aka saba yi da kyanwar da aka gaji da ita ke nan: a ɗaure ta a buhu, a ba direba ya yar da ita can wajen Gidan Rumji, inda ba za ta gane hanyar gida ba.

“Gwaggo, miƙo ta. Na riga na yi magana da direba.”

“A kai ta ta shafa wa na mutanen can? Su ba su da rumbu?”

“Wannan matsalarsu ce. Sunana ke ɓaci a gari.”

“Hambali, lokacin da ƙyanda ta kama ka, kwana ashirin na tsare ka a ɗakin can. Babu wanda ya kawo mini buhu.”

“Ni mutum ne.”

“Haka na zata. Fita mini daga gida.”

Ya fita, amma ya tsaya a zaure ya ɗaga murya don ta ji: duk ranar da aka ga Baƙa a waje, sanda ce za ta raba gardama.

Gwaggo ta share ɗakin marigayi mijinta, ta toshe tagar da ragar waya, ta zuba yashi a wani tsohon daro, ta sa Baƙa a ciki. Safe da yamma tana matse mata magani a gefen baki, tana goge mata ido da ruwan ɗumi, tana marmasa mata dafaffen kifi a cikin kunu. Gyambon ya fara kamewa. Amma rumbu ya zauna babu mai gadi, ɓeraye kuwa ba su ɓata lokaci ba. Cikin mako biyu ƙaiƙayi ya fara taruwa a gindinsa. Ta hau ta jawo dami ɗaya, ta tarar an cinye rabin zangarniyar. In ta saki kyanwar za a kashe ta, ko ta shafa wa wasu. In ta bar ta a rufe, geron ba zai kai damina ba.

Sai ta yi abin da ba a yi. A nan ba a sussuke rumbu gaba ɗaya, dami ɗaya ake cirowa in na jiya ya ƙare. Wanda ya kwashe rumbunsa a lokaci guda, ko ya karye ne, ko sayarwa zai yi ya bar gari. Gwaggo ta kira mata shida, suka yi kwana huɗu suna sussuka da sheƙa a tsakar gida. Hambali ya leƙo ta kan danga ya ce wa masu wucewa tsufa ya taɓa ta. Da aka gama ta ɗura geron a buhuna, ta jera itace a ƙasa, aka jibge su a ɗakin da Baƙa take, aka ja ƙofa. Kwana uku bayan haka ta buɗe da hantsi ta tarar da ɓera a bakin daro, Baƙa tana zaune a kan buhun sama.

Shi kuwa Hambali, da ya ga Ƴar Fara ta kasa tashi, bai je Agiye ba, don kada a ce ya bi maganar likitar awaki. Ya sayi ƙwayar ciwon kai wajen mai tallar magani a tire, ya raba biyu ya ɗura mata. Kashegari fuskarta ta kumbura, kafin azahar ta mutu. Ya ce idon Baƙa ne. Kaskon bai ɗauke ba. Kafin shekara ta zagayo, daga cikin tara saura biyu, kuma babu mai son aronsu. Ɓeraye suka shiga buhunan ayar da mutane suka ba shi ajiya, masu kaya suka kwashe abinsu.

A lokacin ne ya tuna yana da gwaggo. Ya zo da goro, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya yi gaisuwa mai tsawo.

“Gwaggo, na ji an ce Baƙa ta murmure. Dama horona ne ke aiki a jikinta. Ki ara mini ita mako biyu.”

“Ka taho da buhun?”

“Haba Gwaggo, wancan zance ya wuce.”

“Ba ta fita. Likita ta ce a tsare ta, kuma tana da aiki. Ɗauki goronka, haƙorana ba su iya shi.”

Geron ya kai ta damina, har ta ba maƙwabciyarta iri. Baƙa tana nan a ɗakin, ramammiya, wani watan da sauƙi, wani watan sai an koma Agiye karɓo magani. Hambali ya rufe mangaza. Yanzu tarkon ɓera yake kasawa a bakin tasha, kuma duk wanda ya tsaya taya yakan gaya masa cewa shi tun asali bai taɓa yarda da kyanwa ba.