Baƙin Laka na Rijiyar Kakanmu

A unguwar Yantala muke zaune shekarun da aka sami mulkin kai. Babanmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mahaifiyarsa kuwa, Kaka Tani, daga Dogon Dutsi ya ɗauko ta. Da an yi magariba sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye murhu.

Labari guda take so. Wai ubanta mahaƙin rijiya ne, in ya yi zurfin gaba goma sai ya tarar da baƙin laka mai warin tabki. Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce nan ruwa ya taɓa kwana. "Ƙasarmu wagga da kuka gani rairayi," in ji ta, "dā bado da kacalla ne. Zafi da ruwan sama, itace har ba ka ganin rana."

Ni da rawar kai na rubuta haka a kayena, littafin rubutuna na lakwal. Mushe, malamin ajinmu, ya zabga mini sifiri, ƴan aji suka yi ta dariya. Baba ya ji kunya, ya ce, "Inna, ki bar cika wa yara kai da tatsuniya." Daga ranar ta daina ba da labari. Na ji zafin shirun nan fiye da sifirin.

Wata uku muna haka. Sai Kawu Bawa, direban masu haƙa rijiyoyi, ya zo da wata Bafaranshiya mai binciken ƙasa, ta ji labarin a bakinsa. Ta kafa madubin ƙara girma a kan turmi, da laka da ta wanke daga wata rijiya ta Dutsi. Ta ce mu leƙa. Ƙwayoyi ne ƙanana, wasu da ƙayoyi. Ta ce ƙurar fure ce, irin wadda zuma ke ɗauka a ƙafa, ta shekara dubbai a binne. Wannan ta bado, waccan ta kacalla, ga ta itatuwan kurmin kudu.

Baba ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago sai ya cire hula ya durƙusa. "Inna, na yi kuskure."

Kaka ta ƙi leƙawa. "Mi zan diba? Ubana da harshe ya gani."

Na yi shekara talatin ina koyarwa. Duk yaron da ya ce mini "kakata ta ce", sai na ajiye jan alƙalami na saurare shi har ƙarshe.