Yadda Na Ɗauko Inna da Motar Baba

Ƙonni

Ranar Alhamis ana sallame sallar asuba na tada motar Baba, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar mota ce irin da ake kira kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya, ta girme ni ma. Injinta lafiya lau. Bayanta ne ya gaji: lam ɗinta, wato faifayan ƙarfen nan da ke jere bisa ƙafafun baya, sun miƙe saboda dakon albasa, har gindinta na neman shafar ƙasa.

Yaya Hamidu, babban wanmu, ya riga ya yi magana da masu yanka motoci suna sayar da ƙarfe. Ni kuma matata ta haihu, suna ranar Asabar, ga Inna can ƙauyenmu bayan Tajaye. Tun da ta karye a ƙugu ba ta hawa babur ko amalanke. Da na ce da motar nan zan ɗauko ta, Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"In ta kai ta komo da ƙahwahunta, ɗauke da Inna, na bar maka ita," in ji shi. "In anka jawo ta da igiya, ran Littinin a yanka ta. Ka yarda?"

"Na yarda, Yaya. Amma hwaɗa ma mutanenka kada su wasa wuƙa tukuna."

Tsarnawa zuwa Malbaza

Na tsaya Tsarnawa na sha shayi da ƙosai. Mai shayin ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Malam, wagga tahiya takai ko rarrahe?" Na biya shi na tada mota. Daga nan manyan motocin siminti suka riƙa wuce ni suna yi mini oda kamar na tare musu gado, ni kuwa ban ƙara gudu ba har Malbaza.

Can akwai maƙeri Ɗan Jimma, mai gyaran lam na manyan motoci. Ya ɗaga motar da jak, ya ɗora ta bisa kututture, ya kwance lam ɗin ya shimfiɗa su ƙasa. Ya zana baka da gawayi bisa daɓe, sannan ya riƙa dukan kowane faifai da guduma, ba wuta, har lanƙwasarsa ta hau zanen. Da ya gama ya ce zai ƙara lam guda kowane gefe. Na tuna dariyar Yaya, na ce biyu.

"Biyu? Mi za ka ɗauka, siminti?"

"Tsohuwata."

"Wallahi haƙoranta zubewa za su yi."

"Ba ta da su. Sa biyu."

Ya girgiza kai ya sa, ya sauya ƙarafan da ke ɗaure su da dogaye. Bayan azahar aka sauke ta. Bayanta ya tashi taƙi guda cur, gaba ya duƙa, sai ka ce kaza tana tsintar hatsi. Ni dai kyau ta yi mini.

Shinge

Na komo Tsarnawa na yi arewa, hanyar Tawa. Ban yi nisa ba masu kaki suka tsayar da ni a shinge. Babbansu ya zagaya motar, ya tsaya daga baya.

"Ina jarkunan?"

"Waɗanne jarkuna, ranka shi daɗe?"

"Nan ƙasar ba mai ɗaga bayan mota haka sai mai fasa-ƙwaurin mai, don in an loda ta ta zauna daidai."

Sai a lokacin na gane kamannin da na saya wa motar ubana da kuɗina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce su bincika, in sun so su kwance ta ƙusa-ƙusa, ni ina nan. Suka ɗaga kujera, suka ƙwanƙwasa tanki, suka shinshina ko'ina. Katifa da matashi kawai suka samu. La'asar sakaliya suka ba ni takarduna.

Tajaye da ƙauye

Na kwana Tajaye gidan ɗan ƙanen Baba, aka ba ni tuwon dawa miyar kuka. Da safe na bar kwalta. Hanyar ƙauyenmu amalanke ya ci gefenta biyu ya bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun ne Yaya yake jira ya fasa cikin motar. Ta bi ta kansa ko ƙas ban ji ba. Na buga sitiyari don murna. Sai dai duk ramin da ta faɗa sai na ji shi har cikin ƙodata.

Inna na ganin motar ta dafa ƙofarta, ni kuwa idona ya kawo ruwa. Muka kwantar da ita bisa katifa a baya. Ba mu fita gari ba na ji ihunta.

"Tsaya, Sani! Kashe ni za ka yi? Sabke ni!"

Na tsaya. In Inna ta sauka, motar ta tafi ke nan, ko da ta koma Ƙonni da ƙafafunta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, sannu zan bi."

"Ba sannu ta ba. Babanku bai taɓa tuƙa ta wohi ba. Sa mata kaya, ka gani."

Dangi suka kawo buhun gero biyu na gudummawar suna. Na sayi ragon suna wurin wani Bafulatani da ke kiwo bakin gari, aka ɗaure shi kusa da ƙafarta. Bai isa ba. Na ari buhuna na cika su da yashin ƙorama, na jera har motar ta sauko rabin taƙi. Muka tashi, ta bi ramukan nan luƙwi-luƙwi, tudun kuma bai taɓa ta ba. Kafin kwalta Inna ta yi barci. Masu cewa lam guda ya isa su zo su gaya mini yadda guda zai ɗauki wannan kaya, don har gobe ban yarda na yi kuskure ba.

A shingen jiya suka kwance buhu guda, suka ga yashi, suka dubi tsohuwa da rago, suka ɗaga mini hannu.

Gida

Dab da magariba muka shiga Ƙonni. Ƙofar gida na tarar da Yaya zaune bisa benci tare da ɗaya daga masu yanka motocin nan, ya zo tun da wuri don kada wani ya riga shi. Na tsaya dab da su, na bar injin yana aiki don su ji da kyau.

Yaya ya taso ya gaida Inna, ya miƙa hannu zai sauko da ita. Ta ƙi ba shi hannu.

"Wane na wancan, Hamidu?"

"Baƙo na, Inna. Mota yaz zo dubi."

"Cikin wagga mota anka kai ni asibiti na haihe ka. In za ku yanka ta, ku yanka da ni ciki. Ba ni sabka sai ya tahi."

Mutumin ya nemi takalmansa. Sai da ya sha kwana sannan ta miƙa wa Yaya hannu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu lafiya, na gode wa Ɗan Jimma da dangi na ƙauye. Yaya Hamidu ma na gode masa, don shi ya sauke yashin duka, shi kaɗai, Inna na zaune tana nuna masa inda zai zuba.