Shekarar da Na Hana Baba Nono

Babana mai gyaran keke ne a Gumbihini. Hannunsa na dama ya fara rawa tun ina ajin ƙarshe a sakandare, har ta kai ba ya iya ɗaure noti sai notin ya faɗi ƙasa. Ni na raka shi asibiti, don ni ce na yi sayans a gidan, kuma ba na bari a manta da haka.

Likitar matashiya ce daga kudu, Hausarta ta kasuwa. Da ta ji sana'ar Baba sai ta ce, "Baba, ka san tsatsa? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna yin irinta." Ta ce a jikin ƙwayar akwai wata 'yar ƙofa mai jin tsatsar nan. Idan ta ji sai ta buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, in ya yi yawa ƙwayar ta mutu. Ta ce masana na zargin ƙofar tana da hannu a irin ciwonsa, amma bincike bai ƙare ba. Ta ci gaba da bayani. Ni kuwa na riga na tashi ina neman yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, da za ta kai mu gida. Ai na gane.

A gida na tara kowa. Na ce kalsiyam ne ke kashe Baba, kuma a makaranta an koya mana inda yake: nono, cukun wagashi, ƙananan kifin da Mma ke dakawa a miya. Duk na hana.

"Har furar la'asar?" in ji Mma, mahaifiyata.

"A dama da ruwa."

Baba ya ce, "To, Madam Sayans ta yanke hukunci." Tun ina ƙarama Bafulatanar da ke kawo nono take tsayawa a ƙofarmu. Ni na fita na ce mata ta daina. Wata rana na kama Mma da wagashi a gefen zani, na yi mata faɗa a gaban maƙwabta.

Baba ya daina gama furarsa. Wandonsa ya soma zamewa. Bayan damina ya zame a bakin rijiya, wuyan hannunsa ya tsage.

Likitar nan muka sake samu. Ta dube shi ta ce, "Me yake ci?" Na jero mata abin da na hana, ina jiran yabo.

Ta ajiye biro. "'Yar'uwa, wa ya ce ki yi haka?"

"Ke kika ce kalsiyam."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce matsalar ƙofar ce, ba ƙwaryar nono ba. Jiki yana riƙe kalsiyam na jini daidai, in bai samu a abinci ba sai ya ɗebo daga ƙashi. Mai irin ciwon Baba yana yawan faɗuwa, ƙashi mai ƙarfi yake bukata. Ba ta ce ni na karya shi ba. Ba ta ce ba ni ba ce.

Na dubi siminti. Baba ya ce, "Dokta, bar ta. Ni ma da ina koyon aiki sai da na lalata keken mutane."

Washegari na bi Bafulatanar har hanyar Gumani. Ta dube ni sama da ƙasa. "Makarantar ta yarda yanzu?"

Na ce ta yarda.

Da la'asar na dama furar da kaina. Hannun Baba na dama a ɗaure, na hagun ma ya soma rawa, don haka ni na riƙe masa ludayin. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Ƙara nono, Madam. Hannunki ya saba da ruwa."