Yatsu Goma da Tsohuwar Burauza

In ka shiga asibitin unguwar ta ƙofar baya, ka wuce ɗakin allura, ɗaki na biyu a hannun hagu shi ne ɗakin kati. Taga ɗaya gare shi, ta nan ake miƙa wa majiyyata katinsu, kuma a bayan tagar nan wani dattijo ya shekara talatin da ɗaya yana zaune. Akawu ne, amma ba mai kiransa haka. Yatsu Goma ake ce masa tun zamanin tafireta, lokacin da abokan aikinsa ke tsintar haruffa da yatsa ɗaya, shi kuwa yana bugu idonsa na kan mai magana.

Yana saurayi ya koyi bugun, a wani shago gefen kotu inda ake rubuta wa mutane takardun koke. Daga can ya samu aikin asibiti, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, duk suka girma suka kama gabansu. Ranar da aka ɗauke tafireta aka ajiye masa kwamfuta, matasan ofis sun taru su ga yadda za ta kaya. Ya duba kibod ɗin, ya ce ai haruffan suna nan inda ya bar su, ya ci gaba da aikinsa.

Shekara shida da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce ba ciwon da zai kwantar da shi ba ne, amma ba zai tafi ba. Ikon Allah, in ya ɗora yatsun a kan kibod sai su natsu, maus ne dai ya gagare shi. Ya kama, kibiyar ta yi ta yawo a fuskar kwamfuta ba ta tsayawa inda yake so. Abin da ya rufa masa asiri shi ne manhajar asibitin, wadda ake buɗewa ta burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet, tana da gajerun hanyoyi. Ka danna maɓalli biyu tare, sabon kati ya buɗe, wasu biyun kuma su nemo maka tsohon majiyyaci. Ya haddace su tsaf. Da yawa a asibitin ba su ma san hannun na rawa ba.

Wata Litinin da safe ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ashe kamfanin da ke kula da manhajar ya sabunta ta a ƙarshen mako. A sauran ofisoshi komai lafiya lau, don kwamfutocinsu sababbi ne. Tasa kuwa tsohuwa ce, burauzarta ta daina karɓar sabuntawa, kuma ba ta canzuwa, saboda firintar da ke buga kati da ita kaɗai take jituwa. Dole ya koma kan maus. Kafin ƙarfe goma layi ya kai bakin baranda. Wata mata mai goyo ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, yau lafiya kuwa?" Ya ce lafiya, gumi na bin wuyansa.

Ran Alhamis shugabar nas ta kira shi gefe, ta ce ko zai koma ɗakin fayil yana jera su a kan kanta kafin a ga abin da hali zai yi. Ta faɗa cikin ladabi, shi ma ya amsa cikin ladabi. Amma da ya koma gida bai taɓa abinci ba. Mai ɗakinsa ta dube shi ta dubi kwanon, ta ɗauki waya ta kira 'yar ƙanwarsa, wadda ke aikin gina shafukan intanet. Injiniya suke ce mata a gidan.

Asabar da hantsi Injiniya ta zo ɗakin kati da izinin shugabar nas. Ta ja kujera, ta yi ta leƙe-leƙe a cikin manhajar, can ta ce, "Kawu, na ga mai laifin. Wani ɗan guntun manhaja ne da masu gina shafuka ke ɗauka kyauta, shi ke sauraron maɓallan da kake dannawa. A sabuwar fitowarsa ya daina jin yaren tsofaffin burauza."

"To na wane ne, mu kai ƙara?"

"Ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. A buɗe yake, duk mai iyawa zai iya kawo gyara. Akwai dai mutum ɗaya mai kula da shi." Ta nuna masa hoton da mutumin ya sa, hoton wata kyanwa mai ƙiba.

"Wannan ne shugaban?" in ji shi. Tun daga ranar sunan mutumin ya zama Mai Kyanwa.

Ta rubuta masa. Bayan kwana biyu ya amsa cewa ba mugunta ta sa ya cire ba, ba shi da tsohuwar kwamfutar da zai yi gwaji a kai ne, amma in akwai mai gwadawa zai karɓi gyaran. Injiniya ta yi wa kawunta bayani. Sabuwar burauza takan faɗi sunan maɓallin da aka danna, tsohuwa kuwa lamba kawai take faɗi, don haka sai an haɗa jadawalin da zai fassara kowace lamba zuwa suna. Ta yi masa wani ɗan shafi wanda in ya danna maɓalli, lambarsa za ta fito da manyan baƙaƙe.

Nan fa aiki ya samu mai shi. Kullum in an tashi, kafin a rufe ofis, sai ya zauna da sabon littafi da biro. Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne shi kaɗai, sannan a haɗe da wani, yana rubutawa. Shi ya gano cewa lambobin saman kibod da na gefe ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Da Injiniya ta kawo gyaran farko, ya danna sau ɗaya sai kati uku suka buɗe. Ya ji kunya, ya ce laifin hannunsa ne, yatsan ne ya daɗe a kan maɓallin.

"A'a, Kawu, laifina ne," in ji ta. "Tsohuwar burauza ba ta bambanta dannawa da dannewa. Da ba don hannunka ba, da sai abin ya fita duniya za a gane."

Sau biyu Mai Kyanwa yana dawo mata da aikin, yana cewa a gyara nan, a rage can. Ta yi tsaki, kawun ya ce ta bi shi a hankali, mutumin da ke duba aiki haka ba ya son a ji kunya ne. A karo na uku ya karɓa. Kamfanin kuma ya ɗauki mako uku kafin ya ɗauko sabuwar fitowar, Yatsu Goma na can yana jera fayil, yana shan ƙura. Ranar da aka ce ya gwada, ya zauna, ya yi bisimilla, ya danna. Kati ya buɗe, guda ɗaya tak. Shugabar nas da ke tsaye a bayansa ta ce, "Madalla," ta je da kanta ta ɗauko masa kofin shayinsa daga ɗakin fayil.

Daga baya Injiniya ta karanto masa abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin gyaran. Wani mai kula da ɗakin karatu ya ce ya kusa fid da rai. Wata mai kantin magani ta ce kwamfutarta ta girmi 'yarta, ga shi ta dawo aiki. Mai Kyanwa kuma ya tambayi sunan da zai sa a jerin masu gwaji. Dattijon ya ce a sa wanda aka san shi da shi.

Sai ya ce ta buɗe wajen rubutu, zai yi godiya. Ya gyara zama ya fara faɗa mata abin da za ta rubuta, "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da kyanwarka..."

"Kawu, a nan layi biyu ake yi!"

"Mutumin da bai san ni ba, ba ni na sa shi ba, ya zauna ya duba matsalata har sau uku? Rubuta, 'yar nan."

Ta rubuta duka, shafi guda cur, har da addu'ar da ya yi mata ita ma a ciki, tana bugawa tana share ido da gefen mayafi. Washegari amsa ta zo. Mai Kyanwa ya ce shekara tara yana wannan aiki, yawanci in an rubuto masa ƙorafi ne, wannan kuwa ya karanta wa matarsa.

Yanzu duk bayan 'yan watanni saƙo kan shigo wayar dattijon: "Kawu, akwai gwaji." Sai ya ce wa mai ɗakinsa yau zai ɗan makara. Ita kuma ta ce, "To, Malam, ashe gidan nan injiniya biyu gare mu." Ya ce a'a, shi mai dannawa ne kawai, ya ɗauki hularsa ya fita.