Rami Uku Muka Haƙa

Haƙar rijiya ce sana'ar gidanmu. Na gaje ta wurin mahaifina, na yi ta tsakanin Ambursa da Argungu har burtsatse ya kashe mana kasuwa. Daga nan na bi masu injin haƙa, ina ɗaukar bututu, ina kwashe laka. Karatun boko kuwa sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Nasarawa, Asabar da Lahadi bayan la'asar.

A ajin nan na fara jin zancen tashar nukiliya. Malaminmu yakan zo da jarida ya karanta, mu bi shi da yatsa. Ran nan ya karanta cewa a ƙasashen da ke samun lantarki ta wannan hanya, ba a aza tubali sai an haƙa ƙasa an ga abin da ke cikinta, don kada wata rana ta girgiza, gini ya tsage, guba ta fita. Akwai kuma hukuma mai zuwa ta duba, in ba ta gamsu ba ta hana aikin. Wani mai sayar da albasa ya ce, “Malam, su kawo wutar tukuna, in ta girgiza mu riƙe ta.” Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a makon nan irin aikin muke yi.

Wani kamfanin casar shinkafa ne zai kafa ƙatuwar tukunyar tururi a bakin fadama, kan hanyar Argungu, ya riƙa ƙona ƙaiƙayi yana samun wutarsa. Ba nukiliya ba ce, amma ƙarfe ne mai nauyi da wuta a cikinsa, kuma akwai gidajen mutane a bayan katangar kamfanin. An ce mu haƙa rami biyar, kowanne bututu goma, wato mita talatin. Biyu suka kai. A na uku, daga bututu na shida, ƙarfen ya riƙa nutsewa da kansa ba a danna shi ba. Yashi ne mai ruwa. Injin ya shaƙe, ga damina ta matso, injiniya ya ce a naɗe kaya.

Mahaifina ya koya mini wani abu: duk inda ƙasa ta sake launi, ka ɗebi hannu ɗaya ka jera a bakin rami, mai rijiya ya ga abin da rijiyarsa ta tsaya a kai. Ban daina ba. Ina zubawa a gwangwanayen madara, abokan aiki na kirana mai tallan ƙasa.

Ana gobe wata jami'ar hukuma za ta zo duba aikin, injiniya ya kawo takarda da tawada. Ni ne babba a cikin leburori, ni ke sa hannun shaida.

“Baba, dangwala nan.”

Na ce ya ba ni biro. Ya yi murmushi, ya ce, “Iye, 'yan boko!” Takardar da Turanci take, ban iya ba, amma na iya lamba. Na bi da yatsa kamar a aji. Layi biyar ne, kowanne ya ƙare da talatin.

“Injiniya, rami nawa muka haƙa?”

“Wannan ba aikinka ba ne.”

“To mi ya sa ake neman hannuna?”

Ya sauke murya. Ya ce ƙasar duk ɗaya ce, in an ga biyu an ga biyar. “Tun da aka haife ka, Baba, ka taɓa jin an yi girgizar ƙasa a Kebbi?”

Na ce ban taɓa ji ba. Amma na ga rijiya ta rufta a irin wannan yashi don tirela ta wuce kusa da ita, kuma injin casa kansa girgiza yake yi tun safe har yamma. Na ce in ya rubuta uku, na ukun bai kai ba, zan sa sunana da kyau, harafi ɗaya ba zan tsallake ba.

“To ka ajiye hular kwano ka tafi. Akwai masu yatsa da yawa.”

Na ajiye. Wani ya dangwala.

Washegari na hau kabu-kabu da gwangwanayena a buhu, na zauna bakin ƙofar kamfanin. Maigadi ya ce in tashi. Na ce masa hanya ta gwamnati ce, inuwa ta Allah. Har azahar ta wuce ina nan. Da motar hukuma ta tsaya, wata mata ta fito da takalman leburori a ƙafarta, na miƙe na gaishe ta, na jera gwangwanayen a ƙasa.

“Malam, mene ne wannan?”

“Rami na uku ne, Hajiya. Daga sama zuwa inda ya tsaya.”

Injiniya ya ce tsohon ma'aikaci ne mai jin haushi. Ta durƙusa, ta sa yatsa a na ƙarshe, ta murza, ta girgiza gwangwanin a tafin hannunta. Ruwa ya taso saman yashin. Sai ta ce a nuna mata bakin ramuka biyar. Aka yi ta zagaye a rana. Uku aka samu.

Ta hana zuba harsashin ginin sai an sake gwajin duka. Ni ba a maida ni aiki ba, ban kuma je roƙo ba. Na koma gyaran tsofaffin rijiyoyi a Augie.

Bayan damina aka kawo wasu masu haƙa. Na je na tsaya bayan shingen waya, kwana huɗu ina kallo. Sabon injiniyan ya aiko a tambaye ni abin da nake nema. Na ce ba kome, bututu nake ƙirgawa. Kowane rami sai da goma suka shiga kafin na matsa zuwa na gaba.