Rowar Ƙamshin Yaya Hure

Yaya Hure ta Gafasa yayar maigidana ce, kuma ban taɓa ganin mai rowar ƙamshi irinta ba. A farkon shekarun 1960 ta bi mijinta Badaru zuwa Kurmi, inda yake fataucin goro. Bayan shekara uku ta dawo da kimba, masoro da citta mai 'ya'ya, ta kuma iya haɗa su da mai a shafa wa mai ciwon gaɓoɓi. Mutane na zuwa har daga Gaya. Amma ka shiga gidanta ranar haɗi, hancinka ba zai ji komai ba.

Daminar 1974, bayan farin nan da ya bar rumbunmu wayam, gwiwoyin maigida suka kumbura. Ruwa ya fara sauka a garinmu Balan, kowa na shirin shuka, shi kuwa ko alwala sai an tallafe shi. In wannan damina ta wuce mu, to mun kaɗe. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ce ai kayan yaji ne, wace mace ce ba ta san su ba? Na daka, na ɗora man kaɗanya ya yi zafi har da hayaƙi kamar zan soya miya, na zuba. Unguwa ta ɗauka da ƙamshi, maƙwabta na ta yaba mini. Kwana biyar ina shafa masa, ko gezau.

Na aika wa Yaya Hure. Ta zo a ƙafa, na ba ta labari har da ƙamshin, ina alfahari.

"Baiwa," ta kira sunana, ta ce, "ƙamshin da maƙwabta suka ji, maganin ƙanena ne kika raba musu."

Ta daka sabo, ta cuɗa da mai ɗanye a ƙaramar tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta binne rabinta cikin toka mai ɗumi kwana biyu. Ba ta buɗe ba sai a ɗaki, dab da gwiwarsa.

Ban ce ya warke sarai ba, har ya rasu yana ɗingishi. Amma rana ta shida ya fita da sungumi, ni ina biye ina zuba irin gero ina takewa. Da kaka ya ɗaure dami guda ya kai mata Gafasa, a ƙafa.